Na saka hoton biki a Facebook, yanzu auren wata yana rawa

Assalamu alaikum Anti. Ni matashi ne ɗan shekara 26 a Birnin Kebbi, sana'ata ɗaukar hoto a wajen biki, suna da walimar sauka. Shekara uku ke nan ina yi, da ita nake taimakon mahaifiyata da ƙannena. Watan jiya kawuna, yayan mahaifiyata, ya aurar da 'yarsa, ya ce ni zan ɗauki hoto tun daga kamu har kai amarya, kwana uku. Kunya ta hana ni yin ciniki. Ya ba ni naira 40,000 ya ce saura sai bayan biki, alhali a waje 150,000 nake karɓa a irin wannan aiki. Da aka gama na zaɓi hotuna 12 na saka a shafina na Facebook da Instagram don talla, kamar yadda kowane mai hoto yake yi. A ciki akwai na wata ƙawar amarya, matar aure, tana rawa a wajen kamu, mayafinta ya zame. Wallahi ban lura ba, kyan hasken kawai na gani. Wani ya tura wa mijinta, ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta, yau kwana tara. Na goge hoton amma ya riga ya zaga a WhatsApp. Kawu ya ce na kunyata shi, ko sisi ba zai ƙara min ba, ga bashin 35,000 da na ci na wanke albam da sallamar yaron da ya riƙe min fitila. Albam ɗin yana hannuna, abokaina sun ce kada in bayar sai an biya ni. Mahaifiyata da kyar take amsa gaisuwata. In riƙe albam ɗin? In je wajen mijin ko in bari ƙura ta lafa? Ko in bar sana'ar baki ɗaya?

Mai hoto, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ɗana. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma inda na fi tsayawa shi ne inda ka ce "yau kwana tara". Kana ƙirga kwanakin da baiwar Allah nan ta yi a gidan iyayenta, ke nan abin yana cin ka, kuma hakan ya sa na ji zan iya faɗa maka gaskiya ba tare da na zagaya ba. Na yarda ba da gangan ka yi ba. Idon mai sana'a haka yake, tela in ya kalli mutum ɗinkin yake fara gani, kai ma haske ka gani da yadda launin anko ya fito. Sai dai rashin niyyarka bai rage wa wannan mata ko dare ɗaya daga cikin tara ɗin nan ba.

Abokanka sun ɗaure maka abubuwa biyu da igiya ɗaya. Akwai haƙƙin matar nan da yake wuyanka, akwai kuma haƙƙinka da yake wuyan kawu. Duka biyun gaskiya ne, amma ba rana ɗaya za a warware su ba, kuma na farkon ba ya jira.

Ka tuna yadda wajen kamu yake, ka fi ni sani tunda kana ciki. Tsakar gida ce an baza tabarmi, hayaƙin turaren wuta ya cika ko'ina, ƙawaye sun ɓoye amarya suna jan ciniki da dangin ango, wata gwaggo tana rangaɗa guɗa. Matan da suke rufe jiki ruf in za su fita ko ƙofar gida, a nan suke sakin jiki, saboda a saninsu wuri ne na mata zalla. Kai ma ba don ana ganinka ɗan gida ba da zaure ba za ka wuce ba. Wannan mata ba kyamararka ta yi wa rawa ba, murnar ƙawarta take taya ta. A da, ko an ɗauki irin wannan hoto, ƙarshensa albam ne a ɗakin amarya, sai ƙawa ta zo a ciro a kalla a mayar. Yanzu da zarar ka danna ka saka, ka kai tsakar gidan kawunka bakin kasuwa, kuma hoto kamar magana yake, zarar bunu ne. Na taɓa zuwa wani suna a Jega, wani yaro ya ɗaga waya zai ɗauki wata dattijuwa tana ƙulla cincin a leda, sai ta ja gefen mayafi ta rufe rabin fuskarta ta ce masa, "Ɗana, ina za ka kai ni?" Yaron ya yi dariya, amma ni har yau ban ji tambayar da ta fi wannan dacewa da sana'arku ba. Kyamarar taka ce, gumin naka ne, fuskokin da ke ciki kuwa amana aka ba ka.

Ka ce haka kowane mai hoto yake yi. Na sani, ina ganin su kullum. Amma ko doka ba ta tare da ku a nan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce wanda ya sa aka ɗauki hoto don harkar gidansa yana da ikon hana a wallafa shi ko a nuna wa jama'a, sai fa in an yi wata yarjejeniya daban. Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta ba amincewar mutum muhimmanci kafin a yi amfani da abin da ke nuna ko shi wane ne. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. So nake in ka je ba da haƙuri ka je da sanin cewa kai ne ka tsallake iyaka, kada bakinka ya suɓuce ka ce "ai kowa ma yana yi". Wannan jimlar ita kaɗai za ta iya ɓata zaman gaba ɗaya.

Kada ka jira ƙura ta lafa. Ƙurar nan a kan mace take sauka, kuma duk kwanan da ya ƙaru ƙarin magana ne a unguwa, har waɗanda ba su ga hoton ba su fara ba da labarin abin da ba ya ciki. Yau ɗin nan ka sauke sauran hotuna 11 ɗin, duk da ba a yi ƙorafi a kansu ba, tunda su ma ba ka tambayi masu su ba. Ka duba wayarka da kwamfutarka, har da kwandon da hotunan da aka goge suke zama na ɗan lokaci da ma'ajiyar intanet da waya ke kwafa wa kanta, ka tabbatar hoton matar nan bai saura ba. Duk wanda ka san ya saka shi a shafinsa ko a status, ka kira shi da bakinka ka roƙe shi ya cire. In wani ya ƙi, Facebook da Instagram da TikTok duk suna da hanyar kai ƙarar hoton da aka saka ba da izinin mai shi ba, ka bi ta nan. Abin da ya shiga wayoyin mutane ba za ka iya kwaso shi duka ba, wannan ka haƙura, amma ka rage abin da za ka iya. Kuma ina roƙonka kada ka rubuta dogon ban haƙuri a shafinka. Wanda bai sani ba ma sai ya fara tambayar wace ce, wane hoto ne, ka ga ka sake tona abin da kake son rufewa.

Sai zuwa wajen mijin. Za ka je, amma ba kai kaɗai ba, kuma kada ka kuskura ka kira matar ko ka tura mata saƙo, ko da na ban haƙuri ne. In mijin ya ga lambarka a wayarta, ka ƙara mata wani laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ka nemi dattijon da mijin yake jin nauyinsa, limamin masallacin da yake salla, ko mai unguwarsu, ko wani baffanka da ya san iyayensa. A fara aika masa cewa ana son ganinsa, a bar shi ya zaɓi lokaci. In kun zauna ka bar dattijo ya buɗe magana, in an ba ka dama ka faɗi abu uku kawai, ka yi shiru. Cewa matarsa ba ta san kana ɗaukarta ba kuma ba ta tsaya maka ba. Cewa wurin na mata ne, dangin amarya ne suka shigar da kai. Cewa kai kaɗai ka yanke shawarar sakawa, ba ka tambayi kowa ba, laifin naka ne, kana neman afuwa. In ya zage ka, ka haɗiye. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle shi mutumin nan ba wada ba ne, mai haƙƙi ne. Shaidarka ce kaɗai za ta iya wanke matar nan, domin kai ne ka san ta wace kusurwa ka ɗauka da abin da ke faruwa a lokacin.

Ina fahimtar mijin, kuma ina so kai ma ka fahimce shi. Ka ɗauka kana zaune a majalisa cikin abokai, sai saƙo ya shigo, ka buɗe ka ga iyalinka, ka kuma san wanda ya turo ba don Allah ya turo ba. Kishi da kunya suka haɗu masa lokaci guda. Duk da haka, a ganina ya yi gaggawa, ya hukunta wadda aka zalunta. Mace ta je bikin ƙawarta, ta yi rawa cikin 'yan uwanta mata, mayafi ya zame kamar yadda yake zame wa kowace mace, wannan bai kai a ce mata ta tafi gida ba. Amma wannan maganar ba a bakinka za ta fito ba. Dattijon da ka tafi da shi ne zai faɗa, a lokacin da ya ga ya dace, kuma shi ne zai san yadda za a shirya biko ba tare da mijin ya ji an karya shi ba. Shi kuwa wanda ya tura hoton, ka bar shi da Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira, shi kuwa wanda ya tura hoton ya zaɓi akasin haka. Kada ka ɓata ƙarfinka wajen neman ko wane ne.

In mijin ya ƙi ganinka, kada ka nace. Ka ba dattijon saƙon ya kai, a sake gwadawa bayan kwana biyu ko uku, a kuma je wajen mahaifin matar a faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, don ko a gidansu ta samu sauƙin kallon da ake mata. In kuma aka kai ka Hisba ko wajen 'yan sanda, kada ka ɓuya, kada ka yi musu. Ka je da babba, ka nuna ka sauke hotunan, in magana ta doshi kotu ka nemi lauya kafin ka sa hannu a wata takarda.

Albam kuwa, ka bayar. Amarya 'yar uwarka ce, ba ta ci maka ko kwabo ba, ita ma yanzu tana sabon ɗaki tana jin kunyar ƙawarta da ta zo taya ta murna ta koma da baƙin ciki. In ka riƙe hotunanta har sai an biya ka, ka tabbatar wa dangi abin da suke zarginka da shi, cewa fuskokin mutane jingina ne a wajenka. Ka zauna ka bi albam ɗin shafi shafi, ka cire hoton matar nan da duk wani da ka ga mace ba ta kintsa ba, ko da zai bar gurbi. Sannan ka ba mahaifiyarka ta kai da hannunta. Ita ce ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, ga yayanta ga ɗanta, kuma shirun da take maka kunya ce da rashin abin faɗa in ta shiga cikin 'yan uwanta. In ka ɗora mata albam a hannu ka ce, "Inna, na yi kuskure, ga shi ki kai, kuma ina so a raka ni in ba mutumin nan haƙuri," ka ba ta abin da za ta ɗaga kai da shi.

To, sai kuɗinka. Kawu yana da dalilin fushi, an ci masa fuska a bikin 'yarsa, baƙuwar da ta shigo gidansa cikin aminci ta fita da matsala. Amma fushi ba ya goge bashi. Kwana uku ka yi a tsaye, kuma hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Shi ma yana da nasa kason a abin da ya faru, domin shi ya tura namiji cikin taron mata ba tare da an sanar da su ba. Inda matsalar take shi ne babu wanda ya san nawa ne "saura". Kai 110,000 kake lissafi, shi wataƙila a ransa 10,000 ko 20,000 zai ƙara maka ya sa maka albarka, don yana ganin ɗan ƙanwarsa ne ya taimaka. Kunyar da ta hana ka yin ciniki ita ce ta jawo wannan, kuma ka lura ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Shawarata ka bar maganar kuɗi gaba ɗaya har sai matar nan ta koma ɗakinta. Bayan nan da mako biyu ko uku ka je gaida kawu, ba da takardar bashi a hannu ba. Ka ce masa aikin hannunka gudummawarka ce ga ƙanwarka, ka faɗa da bakinka don a san kyauta ka yi, ba ƙwace aka yi maka ba. Sannan ka ce akwai 35,000 da ka ranto na wanke albam da sallamar yaro, mai kuɗin yana jira, a taimaka maka da shi ko da kaɗan kaɗan ne. Da wuya babban mutum ya ji wannan ya hana. In kana ganin ba za ka iya yafe ladan aikin ba saboda nauyin gida, haƙƙinka ne, ka bi ta wajen mahaifiyarka ko wani ƙanen kawun a tsayar da adadin da kowa zai iya ɗauka. In kuma ya dage ba zai bayar ba, ni dai da za ka ji tawa ka biya bashin da aiki biyu ko uku masu zuwa, ka bar shi. Shi wanda ka ranta a wajensa ka je ka same shi tun yanzu ka nemi ya ƙara maka lokaci, kada ka bari sai ya biyo ka.

Barin sana'a kuwa ban goyi baya ba ko kaɗan. Da ita kake ciyar da gida, kuma wanda hotonsa ya yi kyan da har ya zaga gari, hannunsa na da kyau. Tsari ne ba ka da shi. Daga yau, ko ɗan uwa ne ko bare, ku tsayar da kuɗi kafin ka ɗauki jaka: kwana nawa, hoto nawa, da albam ko babu, kafin alƙalami nawa, ciko yaushe. Ko a saƙon WhatsApp ne ka rubuta ya amsa da "na yarda", ya wadatar. A cikin saƙon nan ka tambaya ko sun amince ka yi talla da wasu hotuna, in sun amince ka tura musu waɗanda ka zaɓa su gani tukuna. Kuma ka sani izinin ango ko uban amarya bai shafi fuskar baƙuwa ba, ita ce mai ba da nata. In za ka shiga wajen mata ka sa uwar biki ta sanar cewa mai hoto zai shigo, a ba su minti biyar su gyara, wadda ba ta so ta koma gefe. Akwai wani abin ma da ba ku cika lura da shi ba. Liƙi laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kotu bayan bidiyonsu ya yaɗu. Ga kuma halin tsaro da yankinmu yake ciki, wanda ya sa nuna akwatunan lefe, gwal, lambar mota da ƙofar gidan mutane ba ƙaramin ganganci ba ne.

Abin talla bai ƙare maka ba. Hannun amarya da lalle ba tare da fuska ba, jeren kayan ɗaki in an yarda, kwalliyar wurin dina kafin mutane su shigo, ango da abokansa a ƙofar masallaci bayan ɗaurin aure da babbar riga da hula. Ga hawan Sallah na Sarkin Gwandu a cikin garinku. Ga Argungu kusa da kai, bikin kamun kifin da aka faro tun 1934, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka cikin al'adun gado na duniya a 2016. Duk shekarar da aka yi shi ka je bakin kogin Matan Fada tun da sassafe, ka ɗauki lokacin da dubban masunta suke rugawa ruwa da gora da homa, da wanda ya fito rungume da giwan ruwa. Ga bikin Rigata na wasan kwale-kwale a Yauri, ga bikin al'ada na Uhola a Zuru. Waɗannan taruka ne da aka shirya don a gani, hoto ɗaya mai kyau daga can zai nuna gwanintarka fiye da rawar matar wani. Ko a can ɗin, in za ka matso da fuskar mutum kusa, ka yi masa sallama ka tambaya.

Ka ce kana da ƙanne. In akwai mace mai hankali a cikinsu, ka fara koya mata riƙe kyamara, yadda ake saita haske a ɗaki da yadda ake tsayar da mutane. Gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Jega da Argungu za su fi sakin jiki in mace ce za ta shiga wajen kamu da sa lalle da wuni, kai ka tsaya wajen maza, hotunan mata kuma a miƙa wa amarya a filas ba tare da sun kwana a wayar kowa ba. Wanda ya ji abin da ya faru da kai, ya kuma ji gyaran da ka yi, shi zai fara kiranka.

Amma duk wannan na gaba ne. Yau bayan sallar isha ka shiga ɗakin mahaifiyarka da albam ɗin, ka zauna a ƙasa, ku yanke wane dattijo za a tura wa mijin gobe da safe. Allah ya daidaita tsakaninsu, ya huci zuciyar kawunka. Ka rubuto min in ta koma ɗakinta.